Ƙafar Zakayo da Rumfar Sanata

Kojwach,
farkon Afrilu.

Ɗana Ogutu,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da matarka Beryl da jikokina. Mu nan sai godiya. Ruwa ya zauna sosai, masara ta kai gwiwa, tawa gwiwar kuma tana yi mini abin da ta saba duk lokacin sanyi. Na haɗo muku garin gero da busasshen kifi a motar Nairobi. Ka gaya wa Beryl ta shanya kifin a rana, kada ta cusa shi cikin firji kamar wancan karon.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na gaji da kiran wayarka. Kullum wata mata ce ke ɗauka, ta ce ita ce Truphena, sakatariyar Mai Girma Sanata, ta tambaye ni daga wace ƙungiya nake. Na ce mata daga ƙungiyar da ta haife shi. Ta ce za ta sa sunana a layi. Ban yi sakandare don in tsaya a layin ɗana ba, shi ya sa na ɗauko biro.

Maganar baffanka Zakayo ce, yayan mahaifinka. Kwanakin baya ya taka ƙusa a bakin tafki yana gyaran kwalekwale. Ka san ciwon sukarinsa, ka kuma san taurin kansa. Ya ɗaure wurin da tsumma ya ci gaba da harkarsa, sai da matarsa Dorsila ta fara jin wari a ɗaki. Yatsu biyu na ƙafar dama sun yi baƙi. Muka ɗora shi a babur zuwa ƙaramin asibitinmu. Likitar da ke wurin yanzu, Dokta Chebet, mace ce mai natsuwa, ban ga aibunta ba. Ta ce a cire yatsun nan biyu tun da wuri. Zakayo ya janye ƙafarsa ya ce, “Ɗiyata, na gode. Amma babu mai sa mini wuƙa sai ɗan ƙanena ya gani da idonsa, ya ce a yanka.” Ta yi lallashi, na yi faɗa, fasto ya zo ya yi nasa. Haka muka dawo da shi gida da ƙwayoyi.

Bai kamata sai na tuna maka ba, amma zan tuna maka. Ranar da maciji ya sare ka kana aji uku, mahaifinka yana can wurin aiki a Mombasa, wannan ƙafar ce ta yi gudu da kai a kafaɗa har asibitin mishan.

Shekarun da ka yi kana tiyata a asibitin gunduma, daga tsibirai mutane ke zuwa su kwana a ƙofarka. Da ka ce za ka shiga siyasa na ce maka a’a. Ka ce a majalisa za ka yi wa dubbai magani a lokaci ɗaya. To, ni ban ga dubban nan ba tukuna, amma ga mutum ɗaya kwance, kuma naka ne. Kafin a kira ka Sanata an kira ka Dokta, kafin a kira ka Dokta ɗan gidan nan ne kai. Ba aiki yake nema ka yi masa ba. Ka zo, ka duba, ka faɗa masa da bakinka, ka koma.

Mahaifiyarka,
Philgona Awiti.

*

Nairobi,
Afrilu.

Mama,

Na sami wasiƙarki da kayan, mun gode ƙwarai. Beryl ta shanya kifin a baranda, duk maƙwabta sun san an aiko mana daga gida. Yara suna lafiya, suna gaishe ki. Ki riƙa shafa man nan da na ba ki a gwiwa, ba ajiye shi a akwati ba. Na kuma yi wa Truphena magana a kan wayar.

Na kira Dokta Chebet, ta turo mini hotunan ƙafar. Abin da ta faɗa shi ne daidai. Ko ni ne a wurin ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Irin wannan ciwo ba ya jiran kowa, a cikin makon nan ya kamata a yi aikin. Na kira Baffa ta wayar Inna Dorsila, na yi ta ɗaga murya ina bayani, shi kuwa abu ɗaya yake maimaitawa: “Yaushe za ka zo?”

Mama, ba zan iya tasowa yanzu ba. Dokar da na daɗe ina fama a kanta ta zo gaban majalisa, wadda za ta sa kowane ƙaramin asibiti ya samu ɗakin tiyata mai kyau da wurin ajiye jini. Kin san matan da suka mutu a hannuna wurin haihuwa saboda jini bai iso ba, da yawansu ke kika je yi wa iyayensu ta’aziyya. Gundumarmu ƙuri’a ɗaya gare ta, a hannuna take, kuma waɗanda ba sa son dokar jira suke in juya baya. Da zarar an kaɗa zan kamo hanya.

Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Baffa yana jin maganarki fiye da ta kowa. Shekara da shekaru kina gaya wa mutanen Kojwach babu likita kamar ɗanki, har sun yarda. Yanzu ki taimake ni ki gaya masa akwai.

Ɗanki,
Ogutu.

*

Kojwach,
tsakiyar Afrilu.

Ogutu,

Ina fata kuna lafiya. Ni lafiyata lau, man ma na shafa. Iska ta kayar da turken wuta a bakin kasuwa, wayoyin gari duk sun mutu, saboda haka ko ka kira ba za ka samu kowa ba.

Na karanta layinka na ƙarshe, na ajiye takardar, na je na share tsakar gida don kada in amsa da zafi. Ban taɓa cewa babu likita kamarka ba. Cewa na yi ɗana ba ya barin mara lafiya ya kwana bai gan shi ba, kuma lokacin da nake faɗa gaskiya ne. Idan abin ya canza, ba bakina ne ya canza shi ba.

Duk da haka na yi abin da ka ce. Na zauna gaban Zakayo na karanta masa maganarka. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya kira ni da sunan garinmu kamar yadda ya saba, ya ce, “’Yar Asembo, hoto yana da hanci? Shi da bakinsa ya gaya mini, lokacin da ya yi wa Dorsila aikin maruru, cewa da hanci da yatsa likita ke gane rauni.” Na ce ai ka yi masa magana a waya. Ya ce, “Muryar da na ji a waya ita nake ji a rediyo tana cewa za a yi mana kwalta. Ni ɗan ƙanena nake nema.”

Ka ce mini taurin kai ne, na yarda. Ka ce wauta ce, ba zan yi musu ba. Amma tsoho ne mai tsoro, kuma tsoron nan mutum ɗaya ne zai iya cire masa.

Ban raina dokarka ba. Amma majalisa ba ta zama Asabar da Lahadi, wannan ko ni na sani. Asabar da ta wuce kafin wuta ta ɗauke, a talabijin ɗin malamin makaranta aka nuna ka a jana’izar surukar wani ɗan siyasa can wajen Nakuru, riƙe da makirufo kusa da akwatin gawa kana yi wa ’yan adawa ba’a, mutane suna tafi. Matar da ba ka taɓa shan ruwan gidanta ba. Matan zumuntar coci suna kallo tare da ni, babu wadda ta juyo ta dube ni, wannan ya fi mini ciwo.

Baƙin ya bar yatsu ya hau bayan ƙafa. Dokta Chebet ta zo da kanta a babur ranar hutunta ta wanke masa, ta ce yanzu maganar yatsu ta wuce. ’Ya’yan Zakayo mata sun zo daga gidajen aurensu, dangi sun fara taruwa, gidan ya cika. Ka zo ka yi abin da ya wajaba a kanka.

Mahaifiyarka,
Philgona.

*

Kojwach,
Alhamis da yamma.

Mai Girma Sanata,

Wannan wasiƙar da sunan Beryl na aiko ta, don ta kai hannunka ba tare da ta bi ta ofis ba. Muna lafiya, har da wanda ka aiko a binne.

Yau da hantsi ina tankaɗe a gidan Zakayo sai ga babbar mota ta shigo har tsakar gida. Ƙarti suka diro suka fara sauke kaya ba tare da sun gaishe da kowa ba: farar rumfa, kujerun roba kowace da sunanka a baya, buhunan masara da sukari, da bijimi ɗaure a ƙarshen motar. Suka warware wani ƙyalle mai hotonka, an rubuta cewa Sanata Dokta Ogutu yana tare da iyalai a wannan babban rashi.

Ka san garinmu. Duk wanda ya ga rumfarka a ƙofar gida ba ya tambaya. Kafin in kakkaɓe gari daga hannuna mata sun taho a guje hannu a ka, masu babur sun fara busa ƙaho a hanya. Zakayo yana kwance a ɗaki ya ji kuka, ya ce, “Dorsila, wa ya mutu?” Ta leƙa ta dawo ta ce, “Kai ne.” Ya ce, “Yaushe?” Ta ce, “Ka tambayi ɗan ƙanenka, shi ya sani.”

Risper, maƙwabciyarsa da suke rikicin iyakar gona tun kana yaro, ita ce ta fi kowa murya. Ta faɗi a ƙofar ɗaki tana birgima tana cewa, “Wayyo Zakayo mai kyauta! Wayyo wanda bai taɓa cin haƙƙin maƙwabci ba!” Sai ya tura taga ya ce, “Risper, tunda kin shaida, ki mayar mini da iyakata inda take.” Takalminta ɗaya yana nan har yanzu, ba ta dawo ɗauka ba.

An yi dariya, ban hana kowa ba. Ni ban yi ba. Direban ya ce daga ofishinka aka turo su, an ce baffan Sanata ya rasu. Na rubuto maka neman likita, ka aiko mini rumfa. Likitan da a da ake ganin motarsa a ce an tsira, yau ganin sunansa a ƙofar gida yana nufin an mutu. Ka zauna ka yi tunanin wannan.

Amma ba shi ne dalilin wasiƙar ba. Da mutane suka ragu, Zakayo ya sa aka kira ni ɗaki, ga Dorsila, ga ’ya’yansa. Ya ce, “’Yar Asembo, ki bar su su kafa rumfar nan. Wayoyi a mace suke, kada kowa ya aika da gyara. Ranar Asabar Ogutu zai zo da jerin motoci da makirufo. Idan ya shigo ganin gawa sai in miƙa masa ƙafar.” Aka sake fashewa da dariya, sannan dariyar ta tsaya, domin kowa a ɗakin ya gane dabarar za ta yi aiki. Babu wanda ya ce ba za ka zo ba. Har ni.

Na ce a’a. Na ce ban yi maka ƙarya kana goye a bayana ba, ba zan fara da furfura a kaina ba. Ba kuma zan yarda a ce ɗan da na haifa sai da gawa ake kamo shi ba. Dorsila ta miƙe tsaye ta ce, “Philgona, idan ƙafar nan ta tafi, gaskiyarki ce za ta riƙa ɗaukarsa zuwa banɗaki?” Tun lokacin ba ta sake kallona ba.

Na sa aka mayar da rumfa da kujeru cikin mota. Bijimin Zakayo ya hana, ya ce ba kullum mutum ke samun damar cin naman jana’izarsa ba.

Ga gaskiya na gaya maka: yana da rai. Na san ka ware Asabar don gawarsa. Ka kawo masa ita yana numfashi.

Mahaifiyarka,
Philgona.

*

Nairobi,
Juma’a.

Mama,

Ban san da wane baki zan ba da haƙuri ba. Wasiƙu ɗaruruwa ke shigowa ofis kowane mako, Truphena ce ke ware su: na makaranta, na ginin coci, na jana’iza. Ta ga sunan dattijo, ta ga “dangi sun fara taruwa”, ta ga “ka zo ka yi abin da ya wajaba”, sai ta yi abin da muke yi wa kowa. Ba ta gaya mini ba sai da na fito daga muhawara jiya, wai kada hankalina ya rabu. A cikin mota na yi kuka kamar yaro. Na kira ki, na kira Inna Dorsila, wayoyi a kashe. Dokta Chebet kuwa kunya ta hana ni kiranta. Nan take na sayi tikitin jirgin sama zuwa Kisumu na Asabar.

Da Beryl ta miƙo mini wasiƙarki yau da safe, zama na yi a ƙasa ina gode wa Allah.

Mama, ki fahimce ni. Talata za a kaɗa ƙuri’a. Wannan Asabar da Lahadin su ne ake bin sanatoci gida-gida ana juya musu ra’ayi, kuma akwai uku da nake riƙe da su da ƙyar. Da rasuwa ce kowa zai yi mini uzuri, a ɗaga zaman ma. Rashin lafiya ba a yi wa haka. Na mayar da tikitin Laraba. Yau na daure na kira Dokta Chebet, na roƙe ta ta ƙara masa allurai su riƙe ciwon zuwa lokacin.

Ki gaya wa Baffa bijimin nasa ne. Ki gaya masa Laraba ina gabansa.

Ɗanki,
Ogutu.

*

Kojwach,
ƙarshen Afrilu.

Ogutu,

Ina fata yara suna lafiya. Ni ba na barci sosai, amma ba ciwo ba ne.

Na karanta wa mutanen gidan wasiƙarka. Da na zo inda ka ce ka mayar da tikiti, Dorsila ta ɗago kai. Dubana kawai ta yi.

Talata na ari rediyo na zauna kusa da shi tun da aka buɗe zaman majalisa. Da kunnena na ji an ce kujeru babu mutane, abokan aikinka sun tafi binne wani babba, an ɗaga ƙuri’a sai Talata mai zuwa. Laraba Zakayo ya sa aka yi masa aski, aka sa masa farar rigarsa ta coci, aka jingina shi yana kallon ƙofa. Har rana ta faɗi bai yarda a cire masa rigar ba. Sai washegari saƙonka ya zo ta bakin malamin makaranta cewa sai wani makon.

Zazzaɓi ya kama shi. Jiya sunan marigayi mahaifinka yake kira, yana cewa ya jira shi a bakin ruwa. Baƙin ya wuce idon sawu. Dokta Chebet ta ja ni gefe ta ce yanzu ba ƙafa ake ƙoƙarin ceta ba. Idan hankalinsa ya dawo, amsarsa ɗaya ce har yau.

Idan aka sake tambayata, zan sake ƙin yin ƙaryar nan. Amma ka sani, na tsaya gaban dangin mahaifinka na ce ɗana zai zo don mai rai, kuma ni ce ke shiga gidan nan kowace safiya ina gaishe su.

Ba zan sake roƙonka ba. Idan wata takarda ta zo ofishinka daga Kojwach, ka gaya wa Truphena wannan karon ba sai ta yi shakka ba.

Philgona.

*

Kojwach,
Mayu.

Ɗana Ogutu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na ji ka isa lafiya. Masara ta fitar da gemu, wuta ma ta dawo. Baffanka yana gida tun ranar Juma’a, zazzaɓi ya sauka, yana shan kunu yana zagin mai dama shi, wato ya fara warkewa.

Na ji a rediyo dokarka ta wuce. Na gode wa Allah, kuma da zuciya ɗaya na gode. Ni ma na binne ƙanwata saboda jini bai iso ba, ban manta ba. Idan an gina ɗakunan nan, ka tsaya a kansu har su yi aiki, kada su zama inda awaki ke fakewa.

Amma akwai lissafin da ya ƙi barina. Ka zo Lahadi, ka koma Litinin, ka kaɗa ƙuri’arka Talata, babu abin da ya rushe. Ashe hanyar Kojwach ana zuwa a dawo.

Ina tsaye a ƙofa lokacin da ka durƙusa da wandon kwat ɗinka a ƙasa, ka kwance tsumman, ka kai hancinka, ka bi ƙafar da yatsa har cinya. Rabon da in ga fuskar nan taka tun kafin zaɓe. Ka ce, “Baffa, sai sama da gwiwa, kuma yau.” Ya ce, “To.” Kalma ɗaya. Ita muka yi makonni muna nema, ni da fasto da likita da ’ya’yansa, kai kuwa ko kujera ba a kawo maka ba ka same ta.

Sauran da ba ka gani ba ne zan gaya maka, tunda kafin ya farfaɗo sosai jama’a sun cika ƙofar asibiti, ka fita yi musu jawabi, daga can mota ta wuce da kai. Da ya buɗe ido ya shafa wurin, ya daɗe hannunsa yana kan bargo inda babu komai. Sannan ya ce, “Hannun Ogutu bai tsufa ba.” ’Ya’yansa suka juyo suna kallona. Na ce masa ba kai ka yi aikin ba, takardar izinin aikinka ta daɗe da ƙarewa ba ka sabunta ba, Dokta Chebet ce ta yi, kai kana tsaye a wajen kansa. Ya ce, “Ashe.”

Surukansa sun binne ƙafar a bayan gida, kusa da kabarin mahaifinka, kamar yadda ya nema.

Yanzu ga saƙonsa, kuma ya sa na maimaita masa har ya tabbata na riƙe daidai. Ya ce, “Ki tambaye shi, da ya zo tun takardar farko, me zai rage mini? Ki ce likitan nake tambaya, ba na rediyo ba.” Na ce masa wannan tambaya ba ta mayar da komai. Ya ce ya sani, ƙafarsa ce, yana so ya san inda ta tsaya.

Ka amsa da hannunka. Kada ka yi mini jawabi, kada ka sa dokar a ciki. Duk abin da ka rubuto haka zan karanta masa.

Mahaifiyarka,
Philgona.

*

Nairobi,
Mayu.

Mama,

Muna lafiya. Ki karanta wa Baffa wannan.

Baffa, da na zo bayan takardar farko, yatsu biyu za a cire. Da ka ɗan yi ɗingishi, ka koma gyaran kwalekwalenka.

Da na zo bayan ta biyu, rabin tafin ƙafa. Da ka taka da takalmi na musamman.

Da na zo Asabar ɗin makon da aka kawo rumfa, ƙasa da gwiwa. Da gwiwarka ta tsira, kuma mai gwiwa yana koyon ƙafar roba cikin sauƙi. Ba tare da ita ba, a shekarunka, zai yi wuya. Mai yiwuwa sanda biyu ne har ƙarshe.

Wannan ita ce amsar.

Ogutu.

*

Kojwach,
farkon Yuni.

Ɗana,

Ina gaishe ku. Gwiwata ta yi sauƙi tunda ruwa ya ja baya. Ka gaya wa Beryl wake ya nuna, zan aiko.

Na karanta masa a ƙarƙashin mangwaro, Dorsila tana gefe tana tsince shinkafa. Da na hango layin Asabar ɗin rumfa na san abin da ke ciki, kuma da na tsallake shi babu wanda zai sani, tunda ni kaɗai ce mai tabarau a wurin. Na karanta shi da murya ɗaya da sauran. Dorsila ta ɗauki farantinta ta shiga ɗaki. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a taƙaice. Wannan nawa ne, ba na neman ka shiga.

Zakayo ya sa na sake karantawa daga farko. Yana bin wuraren da hannu a kan tabarma, nan yatsu, nan tafi, nan gwiwa. Da na gama ya gyaɗa kai, ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu, ya ce a miƙo masa sandunansa.

Ka sabunta takardar aikinka. Ba don shi ba, nasa ya wuce.

Jiya gefen ɗinkin ya fara ruwa. Kafin kowa ya buɗe baki, shi da kansa ya ce a kira mai babur ya kai shi wurin Dokta Chebet. Ta wanke, ta ce ba abin tsoro ba ne, ya dawo mako mai zuwa, ya ce zai dawo. Bai ce a rubuto maka ba. Da zan tafi na gaya masa zan aika takarda Nairobi, ko yana da saƙo. Ya yi ɗan tunani, ya ce in gaishe da yara.

Mahaifiyarka,
Philgona Awiti.